Intanet: daga ina ya fito, wa ke da shi, kuma me muke saya idan mun sayi data?

Tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, wata tambaya ke ta yawo a majalisun hira na Kaduna, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har zuwa ofisoshin gwamnati: wai shin mece ce datar nan da ake sayar mana? Mai sayen masara a kasuwar Kawo yana ganin mudu da idonsa, mai shan mai yana kallon mita tana juyawa, amma shi mai sayen data saƙo kawai yake gani cewa ta shigo, sannan bayan kwana biyu wani saƙon ya zo cewa ta ƙare. Shi ya sa wasu ke cewa iska ake sayar musu. Ba iska ba ce, sai dai kafin a gane abin da ake biya wa kuɗin, dole a san yadda aka yi wannan abu ya samu, da hanyar da ya biyo har ya iso mana, da kuma hannun waɗanda yake ciki.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

Kwamfuta na'ura ce da ke karɓar bayani, ta sarrafa shi bisa jerin umarnin da aka rubuta mata, sannan ta fitar da sakamako. Wannan jerin umarni shi ake kira manhaja. Idan aka bi wannan ma'ana, babbar wayar da ke aljihun mai Keke Napep kwamfuta ce, haka na'urar POS da ke kan teburin yarinyar da ke zaune a bakin titi, haka na'urar cirar kuɗi ta banki.

Intanet kuwa haɗin kwamfutocin duniya ne, waɗanda suka yarda su yi magana da juna bisa ƙa'ida ɗaya. Yanar gizo, wadda mukan yi amfani da sunanta a madadin intanet, ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ke tafiya a kansa, wato shafukan da ake buɗewa a karanta, a latsa wani rubutu ya kai mutum wani shafin. Facebook da TikTok da WhatsApp kuma kamfanoni ne masu zaman kansu da suka kafa harkarsu a kan wannan haɗi. Idan intanet shi ne titin Ahmadu Bello, to su shaguna ne a gefen titin, kuma mai shago komai girmansa ba shi ya shimfiɗa kwalta ba. Bambancin yana da amfani, domin ranar da WhatsApp ya tsaya, intanet na nan da ransa, amma ranar da aka katse titin, duk shagunan sun rufe ke nan.

Na'urar da lissafi da yaƙi suka haifa

Kafin a ƙera na'urar, kalmar da muka ara muka ce kwamfuta sunan sana'a ce a Turanci, ana kiran mutumin da aka ɗauka aiki domin ya zauna yana lissafi da alƙalami da ita. Tunanin a rubuta matakan warware lissafi ɗaya bayan ɗaya kuwa ya girmi Turawan da suka ƙera na'urar, domin daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, malamin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, aka samo kalmar algoridim da ake kiran irin wannan jerin matakai da ita har yau.

A shekarun 1830 wani Bature ɗan Ingila, Charles Babbage, ya zana injin da zai riƙa bin umarni yana lissafi da kansa, amma har ya mutu bai kammala ƙera shi ba. A 1843 wata masaniyar lissafi 'yar Ingila, Ada Lovelace, ta rubuta bayani a kan injin, ta nuna cewa irinsa zai iya sarrafa abin da ya wuce lambobi. A 1936 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya shimfiɗa ƙa'idar da ta nuna cewa na'ura ɗaya tak za ta iya yin duk lissafin da za a iya rubuta matakansa ɗaya bayan ɗaya, muddin an ba ta umarnin da ya dace. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da waɗannan takardu ƙarfe da waya. Birtaniya ta ƙera Colossus domin warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus, Amurka kuma ta ƙera ENIAC a Jami'ar Pennsylvania domin lissafin harbin igwa. Da aka nuna ENIAC ga jama'a a 1946, nauyinta ya kai wajen tan 30, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, kuma mata shida ne suka fara tsara mata ayyuka ta hanyar sauya wayoyi da hannu.

Daga nan labarin ya zama na ƙanƙancewa. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto, wato ɗan ƙaramin makunnin lantarki, a ɗakin binciken Bell, ya maye gurbin kwalaben nan masu zafi da yawan mutuwa. A 1958 aka fara haɗa da'irar lantarki gaba ɗaya a kan ɗan ƙanƙanin falle guda, a 1971 kuma kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta sukutum a kan falle ɗaya mai tiransisto 2,300. Ƙwaƙwalwar wayar da ake sayarwa yau a shagunan da ke kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi tana ɗauke da biliyoyinsu. Wannan ƙanƙancewa da arahar da ta biyo bayanta su suka fitar da kwamfuta daga barikin soja zuwa ofis, musamman bayan IBM ta fitar da ta kan tebur a 1981, daga ofis kuma zuwa aljihu.

Yadda aka haɗa su da juna

A 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan adam na farko, Sputnik, abin da ya tayar wa Amurka hankali har ta kafa hukumar binciken kimiyya ta ARPA a ƙarƙashin ma'aikatar tsaronta a 1958. Wannan hukuma ce ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i, domin a lokacin kwamfuta tsada gare ta, ana so masu bincike su riƙa cin moriyar ta juna daga nesa. Ranar 29 ga Oktoban 1969 aka aika saƙon farko daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalos zuwa cibiyar bincike ta Stanford, kuma haruffa biyu kacal suka isa kafin na'urar ta tsaya.

Dabarar da ta sa abin ya yi aiki ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce asalin abin da ake aunawa a ce data. A tsohon tsarin tarho, idan mutum biyu suna magana, an keɓe musu layi guda har su gama. A sabon tsarin kuwa, ana yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, a rubuta wa kowane yanki adireshin inda za shi, a sake su su bi duk hanyar da ta samu, idan sun isa a sake jera su. Kamar ɗan kasuwa ne da ke da buhu ɗari zai kai Kano daga tashar Kawo, maimakon ya jira babbar mota guda, sai ya rarraba su a duk motar da ke da wuri, kowane buhu da sunan mai karɓa da lambarsa. Idan wata hanya ta toshe, sauran buhunan sun bi wata. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa ƙa'idar da za ta sa kwamfutoci iri daban-daban su fahimci juna, aka koma kanta baki ɗaya ranar 1 ga Janairun 1983, ranar da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin haihuwar intanet.

Yanar gizo ta zo daga baya. Tim Berners-Lee ne ya tsara ta a 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Siwizalan da Faransa, kuma a 1993 cibiyar ta sake ta kyauta ga kowa. A ganina wannan shawara ta fi yawancin ƙirƙire-ƙirƙiren da aka lissafa a sama tasiri, domin da an sa mata kuɗin lasisi, da wuya ta bazu yadda ta bazu. A kan wannan kyauta aka gina Google a 1998, Facebook a 2004, YouTube a 2005.

Hanyar da ya biyo zuwa Kaduna

Wanda ya yi wayo kafin 2001 ya san cewa tarho a gida alama ce ta babban ma'aikaci ko attajiri. Layukan NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Intanet ya fara shigowa a shekarun 1990 ta jami'o'i da 'yan kamfanoni ƙalilan, kuma yawancin mutanen Kaduna da suka fara taɓa shi a shagunan kafe suka taɓa shi, inda ake sayen lokaci da awa, a zauna ana jiran shafi ɗaya ya buɗe kamar ana jiran tuwo ya nuna.

A Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka sauko. Shekarun nan ne na masu lema da ɗan tebur a kowace kwana, inda ake biya a yi kira, sana'ar da ta ciyar da gidaje da yawa kafin arahar waya ta kashe ta.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, tazarar da saƙo ke yi a iska gajeriya ce ƙwarai, daga waya zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan yawanci ƙasa yake shiga, ya bi zaren gilashi mai kaurin silin gashi da aka binne a gefen manyan hanyoyi, ya yi ɗaruruwan kilomita zuwa Legas, sannan ya nutsa cikin teku. Shekaru da dama kebul ɗin SAT-3 kusan shi kaɗai ne ya haɗa Najeriya da waje ta ruwa, sai a 2010 MainOne da Glo-1 suka iso, WACS ya biyo baya a 2012, Equiano na kamfanin Google ya sauka Legas a 2022. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024, da huɗu daga cikin wayoyin ƙarƙashin tekun Afirka ta Yamma suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, mutumin da ke tsaye gaban mai POS a Rigasa ya kasa tura kuɗi saboda abin da ya faru a ƙasan tekun da bai taɓa gani ba.

To me ake saya?

Duk abin da kwamfuta ke riƙewa, rubutu ne ko murya ko hoto, tana mayar da shi jerin sifiri da ɗaya. Guda takwas daga cikinsu su ne bayit ɗaya, wanda ya isa ɗaukar harafi guda na boko. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit biyu yake ci, amma wannan ba abin da zai tsiyata kowa ba ne. Bayit miliyan ɗaya shi ne megabayit, megabayit dubu kuma shi ne gigabayit. Mai sayen data izini yake saye na wuce da adadi kaza na waɗannan yankuna ta kan kayan kamfani, shiga da fita.

A nan ne amsar ƙorafin saurin ƙarewar data take. Rubutun littafi guda sukutum da wuya ya kai megabayit ɗaya, amma kallon bidiyo mai kyawun hoto na awa guda kan iya cinye gigabayit. Mutumin da a da saƙon rubutu kawai yake aikawa, yau bidiyo ke buɗe kansa da kansa a gabansa ɗaya bayan ɗaya, wayarsa kuma tana sabunta manhajoji tana kwashe hotuna zuwa rumbun ajiya yana barci. Ƙarin saurin sabis ma yana ƙara ci, domin manhaja idan ta ga hanya a buɗe sai ta zaɓi hoto mafi nauyi.

Kamfanonin waya sun kafa hujjar neman ƙarin kuɗin kira da na data, wanda da farko kashi 100 suka nema, da cewa farashin bai motsa ba tun 2013, alhali kayan aikinsu da dala ake sayowa, darajar naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, dubban turakunsu da janareta suke kwana saboda rashin wuta, ga masu aikin hanya da ɓarayi suna yanke musu waya. Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC da masu kare haƙƙin masu saye sun ce talaka ba shi da inda zai ƙara matsewa bayan cire tallafin mai, kuma bai dace a ƙara kuɗi a kan sabis ɗin da ke yankewa a tsakiyar magana ba. Hujjar tsadar kayan aiki gaskiya ce da ba ta buƙatar rantsuwa. Inda masu ƙorafi suka fi gaskiya shi ne, mai saye ba shi da mudun kansa, wanda ya sayar masa shi ne kuma mai awo, don haka nauyin tabbatar da adalcin awon yana wuyan NCC.

Wa ke riƙe da makunni?

Babu mutum ɗaya ko ƙasa ɗaya da ta mallaki intanet, amma kowane yanki nasa da mai shi, kuma mai shi na iya rufewa. Mutanen jihar nan sun ga haka a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis a wasu sassan jihar Kaduna, bayan an yi haka a Zamfara, domin a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da shi. Masu goyon bayan matakin sun ce rai ya fi ciniki, masu suka kuma sun ce ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar neman agaji, 'yan kasuwa sun rasa abokan ciniki. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022.

Akwai wani makunnin da ba a gani. Shafukan sada zumunta ba sa karɓar ko kwabo daga yawancin masu amfani da su, domin talla suke sayarwa, kuma tallar tana tsada ne gwargwadon daɗewar mutum yana kallo da yawan abin da aka sani game da shi. Saboda haka manhajar da ke zaɓar abin da za ta nuna masa tana fifita abin da zai riƙe shi, abin da ke riƙe mutum kuwa sau da yawa shi ne abin da ya ba shi haushi ko tsoro. Facebook bai biya kimanin dala biliyan 19 ya sayi WhatsApp a 2014 don sadaka ba. A gari irin Kaduna, wanda ya ɗanɗani rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jita-jitar da a da sai ta bi baki da baki daga unguwa zuwa unguwa, yanzu tsohon hoto daga wata ƙasa ya isa a liƙa masa sunan wani ƙauye, ya zagaye gari kafin a idar da sallar isha'i. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna yana da edita da za a tuhuma idan ya watsa ƙarya, saƙon murya da aka tura sau dubu kuwa ba a san bakin da ya fara furta shi ba.

Abin da ya sauya a rayuwar yau da kullum

Amfanin a fili yake. Matar aure a Unguwar Rimi tana sayar da turaren wuta da atamfa daga ɗakinta ga masu saye a Abuja, ɗalibi yana sauraren karatun malamin da bai taɓa zama gabansa ba, tikitin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna tun 2021 ta waya ake yankarsa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa mai nama da mai kayan miya buɗe asusu da karɓar tiransifa, yawancinsu kuma ba su koma baya ba.

Sai dai abin da ya fara a matsayin zaɓi ya zama dole. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, don haka yaron da ya taso a ƙauyen Birnin Gwari bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, zai zauna jarrabawa ɗaya da wanda ya girma da ita a ɗakinsa a Barnawa. Lambar BVN tun 2014, da haɗa layi da lambar NIN tun Disamban 2020, sun sa dattijon da ba ya karatun boko sai ya miƙa wayarsa da sirrinsa ga wani yaro ya taya shi. Ta wannan ƙofa 'yan damfara suke shiga, masu kira su ce daga banki suke, a karanto musu lambar da aka turo. Masu alƙawarin ninka kuɗi ma sun samu kasuwa, daga MMM da ta rufe asusun mutane a Disamban 2016 zuwa CBEX da ta durƙushe a Afrilun 2025. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma kuɗin da suka riga suka tsallaka iyaka da wuya su dawo.

Harshen Hausa kansa ya shiga wani hali mai fuska biyu. Ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yau ba, tun daga zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, domin yanzu duk mai waya marubuci ne, kuma marubutan littattafai, musamman mata, suna sayar da labaransu babi-babi ta WhatsApp ba tare da sun je maɗaba'a ba. Amma yawancin wannan rubutu babu ƙa'ida, an watsar da haruffa masu lanƙwasa, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka shiga bakin jama'a tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, daga rubutun da ke kan intanet suke koyon harshe, wanda ke nufin Hausar da muke bugawa a waya yau, da kyanta da kurakuranta, ita ce za su riƙa mayar wa 'ya'yanmu idan sun tambaye su.